Lakar da Aka Gode Mini a Kanta

Mutanen unguwarmu a Gashuwa sun daɗe suna yaba mini a kan wani alheri da ban yi ba, ba a kuma tambaye ni ba kafin a yi shi da sunana. Na yi shiru shekaru masu yawa, domin maganar ta haɗa da gawa, kuma mai hankali ba ya ɗaga murya a kan abin da ya shafi kabari. Yanzu na tsufa, mafi yawan waɗanda za su ji kunya sun riga ni tafiya, saboda haka zan faɗi yadda abin ya kasance, daki-daki.

A Nguru aka haife ni. Mahaifina akawu ne a tashar jirgin ƙasa, shi ne ya tura ni makarantar mishan can kudu da mu, duk da surutun dangi. Na tafi da sallata, na dawo da ita. Abin da na ƙaro a can shi ne ɗabi'ar duba abu da kyau kafin a yanke masa hukunci, da kuma cewa ba a taɓa kayan wani sai an tambaye shi, ko da tsinken tsintsiya ne. Baturen da ya koya mana ilmin halittu yakan yaga zanen fara idan ka manta gaɓa ɗaya a ƙafarta. Mun tsane shi a lokacin. Daga baya ni ma wannan darasi na koyar, a Nguru da farko, sannan a Gashuwa, har na yi ritaya a farkon shekarun casa'in, kuma na san ɗalibaina ba su fi son ni ba.

A bayan garin Nguru akwai wani ɗan tafki da ke cika da damina ya ƙafe ƙaf da rani. Tun ina yaro na san wani ƙaramin kifi a cikinsa, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Namijin shuɗi ne mai ɗigo-ɗigon ja, macen kuwa launin ƙasa ce, ba ta da ado ko kaɗan. Masunta ba su kula shi, domin raga ba ta riƙe shi, tukunya kuma ba ta san da zamansa ba. Mutane sukan ce tare da ruwan sama yake faɗowa, tunda tafkin ba ya haɗe da kogi, ga shi kuma kowace shekara kifin sai ya bayyana. Ba daga sama yake faɗowa ba. Ƙwansa yake binnewa a laka, iyayen su mutu idan ruwa ya janye, ƙwan ya kwana a busasshiyar laka duk tsawon rani, ruwan farko na sauka ya ƙyanƙyashe. Na faɗi wannan a aji sau da yawa, ban taɓa samun hanyar nuna shi a fili ba.

Hanyar a Legas na gan ta, wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da yanar ido ta rufe mini idon dama. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a can ya ɗauki nauyin aikin idon, ya kuma sauke ni a gidansa. A falonsa akwai akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan teku, da kifaye masu launi kamar atamfa, da murjani mai rai, irin wanda matanmu ke ratayawa a wuya bayan ya mutu an goge shi. Na yaba, kamar yadda baƙo ke yabawa. Amma da idona ya warware sai na lura ruwan ba ya gurɓacewa, ban kuma ga ana canza shi ba. Na tambaye shi dalili.

Ya durƙusa ya buɗe kabad ɗin da akwatin ke kai. A ciki akwai wani ƙaramin akwati, an shimfiɗa laka a ƙasansa kaurin tafin hannu, ciyawar teku ta cika shi, ga 'yar fitila a sama. Ruwan babban akwati yana gangarowa ta tiyo, ya ratsa ciyawar a hankali, famfo ya mayar da shi sama.

"Malam, wancan na sama na baƙi ne," in ji shi. "Wannan na ƙasa shi ne aikin. Ciyawar tana shanye dattin da kifi ke fitarwa. Lakar kuma gida ce ga ƙananan halittu, a nan suke hayayyafa ba mai cinye su, waɗanda ruwa ya kwasa zuwa sama su zama abincin kifi."

Ya faɗa mini sunan abin da Turanci. Ni mafaka na kira shi, kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan.

Da na dawo Gashuwa ba ni da teku, ba ni kuma da wutar lantarkin da zan jingina ran wata halitta a kanta. Na sa mai walda ya haɗa mini ƙafafun ƙarfe, na aika Kano aka yanko gilashi, na sa aka tsaga duro gida biyu a tsaye, rabi ya zama mafaka. Maimakon famfo na ɗora tanki a bisa, ina ɗiban ruwa daga mafaka da bokiti safe da yamma ina juyewa a ciki, shi kuma yana ɗiga cikin gilashin a hankali. Da rani na je Nguru na haƙo busasshiyar laka daga tsakiyar tafkin nan, buhu-buhu. Na zauna na murje ta da hannu, na tace da rariya mai manyan ido, na fitar da tsakuwa da ƙaya da ɓawon katantanwa ɗaya bayan ɗaya. Da ruwan farko ya sauka na tara shi na zuba. Kashegari ƙwayoyi masu ido suna iyo a cikin duron. Na daɗe a tsugune har gwiwata ta riƙe.

Daga nan abin ya zama mini tsarin shekara. Manyan kifayen suna zama a gilashi, gansakuka da kainuwa suna tsabtace ruwa a mafaka, idan lokacin ƙwai ya yi in sauko da su kan laka. Sanyi na shigowa su mutu, kamar yadda aka halicce su. Sai in tsane ruwan, in bar lakar da ɗan danshi, in rufe ta da buhun algarara a ƙarƙashin rumfar bayan zaure, ta jira damina. Malaman makarantun gari sukan kawo ɗalibai su gani. Shekara da shekaru ban rasa iri ba.

Tafkin na Nguru kuwa ya lalace a cikin waɗannan shekarun. Ruwa ya canza hanya, ya daina janyewa da rani, ciyawar kachala ta mamaye wurin har ta fi mutum tsawo, tarwaɗa da karfasa suka shiga. Ƙwan da ke buƙatar laka ta bushe bai ƙara samun bushewa ba, ɗan abin da ya fito kuma aka cinye shi. Ba zan ce kifin ya ƙare a duniya ba, domin ban zagaya duniya na duba ba. Abin da na sani shi ne, a duk inda ƙafata ta kai, babu shi sai a cikin rabin duron nan nawa.

Ƙanena yana zaune da iyalinsa a sashen gaba na gidan. Fataucin tattasai da barkono yake yi. Mutum ne mai fara'a, mai son jama'a, mai saurin kyauta, musamman da abin da ba nasa ba. Ya san abin da ke cikin duron, domin na gaya masa a tsaye, na gaya masa a zaune, na gaya wa matarsa. Kullum raha yake mayar da maganar.

"Yaya, wai yaushe za mu ci 'ya'yan nan naka? Ko sai sun yi digiri?"

"Kada ka taɓa duron nan."

"Ni da laka? Allah ya kiyaye. Ai ko kaza na gani a wurin sai na ce mata Hedimasta ya hana."

Wata ranar bazara, a tsakiyar shekarun dubu biyu, na hau a-kori-kura da sassafe zuwa Jakusko, wurin sunan jikar wani abokin aikina. Da la'asar na dawo. Tun daga bakin layi na ga tabarmi a ƙofar gidan maƙwabcinmu, wani Alhaji mai shagon yadi wanda iyayensa suka zo daga Haɗejiya. Aka ce mini mahaifiyarsa ce ta rasu da hantsi, har an kai ta bayan azahar. Na yi mata addu'a, na shiga gida in wanke ƙafa in sake riga kafin in fito ta'aziyya.

Duron yana nan a ƙarƙashin rumfa, a kife. Na juya shi. An wanke shi tas, har yana ƙyalli.

Na sami ƙanena a ƙofar ɗakinsa yana shan ruwa.

"Ina lakata?"

"A'a, Yaya, sannu da hanya. Ka ji rashin da aka yi?"

"Na ji. Allah ya jiƙanta. Ina lakata?"

"To, ai maganar ɗaya ce."

Ya ajiye kofin ya yi mini bayani, fuskarsa a sake kamar mai ba da labarin ciniki mai kyau. Maƙabartar unguwarmu a kan tudun rairayi take. Idan an sa mamaci an jera itace a kansa, sai an kwaɓa laka an toshe kafofin kafin a tura ƙasa, in ba haka ba rairayi ya zuba a kan likkafani. A ranar tarin yumɓun da ake ajiyewa a can ya ƙare, mai baron da ke kawowa daga bakin kogi kuma ya tafi ƙauye.

"Ga rana, ga gawa a ajiye, manya sun yi cirko-cirko. Sai na ce, ai akwai laka a gidanmu."

"A gidanmu."

"Eh mana. Nan da nan aka ɗora duron a kura. Har na sa aka wanke maka shi, don na san halinka."

"Ka san abin da ke cikinta?"

"Ƙwan kifi, in ji ka. Yaya, wallahi sai da na duba. Na farfasa da hannuna, ban ga ko ɗaya ba."

Wannan mutum ne da ba ya iya karanta sikelin barkono sai ya ɗora tabarau, shi ne ya duba ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba, a tsakar rana, cikin gaggawa, ya yanke hukunci babu. Ban tuna duk abin da na faɗa masa ba. Na tuna dai muryata ta hau, har mai ɗakina ta fito da sauri tana gyara mayafi.

"Malam, rage murya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan makoki."

"Ai ba komai, Yaya," in ji ƙanena. "Kogi na nan bai gudu ba. Gobe in sa a juye maka tifa guda."

Ba komai. Da wannan kalmar na ga an kashe abubuwa da yawa a ƙasar nan. An fasa madubin hangen ƙwayoyin halitta a makarantar da na koyar, aka ce ba komai. An sare itatuwan da muka dasa muka yi wa ban-ruwa da hannu, aka ce ba komai. Wanda ya yi ɓarna shi ke fara furta ta, tun kafin wanda aka yi wa ya buɗe baki, sai ya zama idan ka ce akwai komai kai ne marar haƙuri. Ban taɓa jin mutum ya ce ba komai a kan abin da ya sha wahalarsa da kansa ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban yi fushi da marigayiya ba. Tsohuwa ce mai kirki, duk azumi sai ta aiko mini da kunun tsamiya. Ban kuma ce a bar ta rairayi ya zuba mata ba. Ƙwan duka a saman lakar yake, kaurin yatsa biyu. Na nuna wa ƙanena wannan da idonsa. Da ya kwashe saman a daro ya ajiye, ya ba su sauran duka, da kabari ya samu, ni ma na samu. Aikin da bai fi tsawon alwala ba ne. Bai yi ba, domin a ransa bai taɓa yarda akwai wani abu a ciki ba. Duk shekarun nan da nake magana, kallon tsoho mai wasa da ƙasa yake yi mini.

Dole na fita ta'aziyya. Na sake riga, na wanke fuska, na je na durƙusa a gaban Alhaji.

"Ya muka ji da haƙuri?"

Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, ba ni da bakin gode maka. Ka rufa mana asiri yau. Allah ya rufa naka duniya da lahira."

Jama'a suka amsa da amin. Wani dattijo da ya daɗe yana shiga kabari yana gyara mamata ya matso.

"Ni dai tun da nake ban taɓa kwaɓa laka irin wannan ba. Ba tsakuwa, ba ƙaya, sumul kamar man shanu. Tana taɓa itace ta kama. A ina ka samo ta, Malam?"

"A Nguru."

"Ka ji ko! Tun daga Nguru."

Wani daga gefe ya ce, "Ashe duk shekarun nan da muke cewa boko ya taɓa Malam, tanadi yake yi wa Hajiya." Aka yi 'yar dariyar da ake yi a wurin makoki, ƙasa-ƙasa. Ƙanena yana zaune a bayana yana gyaɗa kai, yana karɓar rabonsa na godiya.

Me zan ce? In ce wa mutumin da ya binne uwarsa ɗazu an yi mini sata aka rufe ta da ita? Na ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Wannan kaɗai ce maganar gaskiya da nake da ita a wurin, ita na riƙa maimaitawa. Har aka yi sadakar uku ina zaune a kan tabarmar nan, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa ni. An koya mini ƙarya ba a baki kaɗai take ba, shiru ma yana iya zama ƙarya, ga ni kuma ina yin ta safe da yamma saboda ladabi. Wannan ma ban yafe wa ƙanena ba. Ya ɗauke mini laka, ya kuma bar ni da yabon da ba ni da hanyar mayarwa.

Buhunan algararar da na rufe lakar da su na tsinta a bayan rumfa, inda aka jefar da su. Akwai ɓawon laka da ya manne a jikinsu. Na kankare shi da cokali a kan faranti, bai cika tafin hannu ba. Na ƙulle shi a tsumma na sa a cikin akwatin kayana, na kulle.

Kafin damina na koma Nguru, ko da na san abin da zan tarar. Na ɗauki mai kwalekwale ya kutsa da ni cikin kachala har inda nake zaton tsakiyar tafkin ne. Ruwa ya kai ƙirji a watan da a da ake tafiya da takalmi a wurin. Tsuntsayen jan-baki suka tashi a kanmu kamar hayaƙi. Na bi wasu ƙananan kududdufai a hanyar dawowa, na ɗebo laka daga kowanne, kowace a ƙullinta. Ƙanena kuma ya cika alkawari, ya sa aka juye mini lakar kogi a ƙofar gida har ta tare hanya, ya tsaya yana jiran in gode.

Ruwan farko ya sauka. Na jiƙa lakar kududdufan nan a kwanuka dabam-dabam, ba abin da ya fito sai tsutsar sauro. Sannan na kwance tsumman na zuba a daro. Da gari ya waye na ga ƙwaya biyu suna motsi.

Ban taɓa kula da wani abu kamar yadda na kula da su ba. Na shimfiɗa lakar kogin a duro, na sa gansakuka, na riƙa tace ƙananan halittu da ƙyalle ina ba su. Na hana kowa zuwa bayan zaure. Suna ƙanana duk launin ƙasa suke, ba a gane mace da namiji. Idan ɗaya mace ce, iri ya tsira. Da suka ɗan tasa sai shuɗi ya fara fitowa a jikin na farko, na ce madalla, ga namiji. Na riƙa duba na biyun kowace safiya ina roƙon Allah ya bar shi yadda yake, ba ado. Ya ɗan jima a haka, har na fara sakin jiki. Sai wata safiya na ga ɗigon ja a gefen wutsiyarsa.

A ranar ƙanena ya leƙo, ya ga su biyun suna zagaya juna, fuka-fukansu a buɗe.

"Kai, Yaya! Ga 'ya'yanka sun dawo! Ban ce maka ba komai ba?"

Na dube shi. Ban yi masa bayani ba, domin na riga na gama yi masa bayani a rayuwata. Na ce ya ja mini ƙofa.

Faɗa suka riƙa yi har sai da na raba su da gilashi a tsakani. Kowanne ya cika launi, fiye da duk waɗanda na taɓa reno, ko kuwa idona ne ya ga haka. Na sauko da su kan laka da lokaci ya yi, ɗaya bayan ɗaya, ko da yake babu dalili. Kowanne ya riƙa sauka ƙasa yana karkaɗa jiki a kan lakar, yana jiran wadda za ta zo gefensa.

Da sanyi ya shigo ɗaya ya mutu, ba a jima ba ɗayan ya bi shi. Na tsane ruwan a gindin darbejiya kamar yadda na saba. Lakar da ke cikin duron ta kogi ce, wadda ƙanena ya kawo. Na bar ta a rana ta bushe ta tsattsage, ban rufe ta da buhu ba, domin babu abin da zan rufe.